Taswirar Mai Wutsiya

Ranar biyu ga wata

Zuwa ga 'yata, Malamar Dabbobi, a gonar gwaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da shanun da hukuma ta damƙa miki amanarsu. Mu nan sai godiya. Innarki tana nan garau, tana karɓar haihuwa kamar yadda ta saba shekara talatin da huɗu, tana kuma gyara mini zama kamar yadda ta saba tun ina cikin zanen goyo. Gwiwata ta hagu ce kaɗai ta ci gaba da tawayen da ta tayar tun shekarar da na yi ritaya daga aikin safiyo, wato awon filaye.

Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Ke da bakinki kika ce sai kin hau tankin ruwa kafin waya ta kama a wurinku, ni kuwa ba zan zama sanadin karyewar 'yar yayata ba. Ban da haka, maganar da ke tafe ta fi ƙarfin waya. Tana bukatar sakin layi.

Wata dabba ta shigo garin nan. Mai wanki ne ya fara ganinta da sassafe a bayan tsohuwar masana'antar ƙanƙara: baƙa wuluk, tsawonta ya kai bencin mutum uku, wutsiya tana jan ƙasa. Ya zubar da kayan mutane a kwata ya ruga, har yau ba a ga takalminsa ɗaya ba. Bayan kwana biyu direban motar makaranta ya gan ta zaune a kan katanga tana kallonsa, in ji shi, "kamar mai jiran a gaishe ta". Jiya kuma aka tsinci akuyar mai walda a kan reshen bishiya, wurin da akuya ba ta hawa da ƙafarta, kuma ba ta cikin halin da za ta yi bayani.

Tsofaffin unguwa sun ce ba yau ta fara zuwa ba. Wai ta zo shekarar da aka gina gadar jirgin ƙasa, wai kuma ba dabba ba ce, mutum ne da ke tuɓe fatarsa ya rataye a bayan ƙofa, ya fita da ƙafa huɗu, ya dawo kafin a hura wuta. Ba sa kiran sunanta. Sai dai su ce Mai Wutsiya, su waiga.

Ni da na karanta littattafai bakwai a kan namun dawa, da biyu a kan camfe-camfen al'ummai, ba zan naɗe hannu jahilci ya hau mulki ba. Na fito da taswirar gari, da tef ɗin awo, da allurai. Kullum in na gama shan shayi a gidan Innarki, sai in fita in bi gida-gida ina ɗaukar shaidar duk wanda ya gan ta. Kowace shaida allura ɗaya. Kimiyya za ta nuna mana makwancinta.

Ki aiko da ra'ayinki na ƙwararriya, a taƙaice, don in gwada shi da nawa.

Kawunki,
Safiyo mai ritaya


Ranar tara ga wata

Kawu,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaishe da Inna, ina kuma yi wa gwiwa jaje. Ina lafiya. Shanu ma sun amsa gaisuwa, ban da wani bijimi da ba ya amsa wa kowa.

Takardarka ta zo da motar abincin dabbobi, na karanta ta sau biyu a tsaye a ɗakin magani. Na yi dariya a wurin takalmi, amma da na kai kan akuya dariyar ta tsaya. Kare ba ya hawa bishiya da nama, Kawu. Damisa tana yi. Ban ce ita ce ba, don mutum in ya firgita ko muzuru yakan zame masa zaki, amma kada a yi wasa. In ka sami sawu a laka ka duba da kyau: in akwai alamar farce, kare ne, in babu, dangin kyanwa ne. Ka kuma sanar da ma'aikatan gandun daji. Aikinsu ne, ba naka ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Inna. Ka san halinta: a buga ƙofa da asuba a ce wance tana naƙuda, ta suri jaka ta bi lungu ita kaɗai, ko fitila babu. Don Allah ka hana ta fita kafin gari ya waye, har a san abin da ake ciki. Ba ta jin maganata, kai ma ba ta jin taka, amma kai kana kusa, kana iya zama a bakin ƙofa.

Maganar mai rataye fata kuwa, ka bar ta inda ka tsince ta. Ba na son irin wannan zance, don ƙarshensa a kan wani yake sauka.

'Yarka


Ranar goma sha shida ga wata

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyarmu ƙalau, in dai da ma'aunin jiki kaɗai ake auna lafiya.

Na bi umarninki. Na kafa kujera a ƙofar Innarki daga asuba zuwa fitowar rana, kamar mai gadin banki, duk wanda ya zo neman ungozoma in tura shi asibiti. Ta kira ni da sunaye da dama waɗanda rabona da jin su tun muna yara. Sawu ma na samu a bakin kwata, faɗinsa ya kai tafin hannuna, babu farce. Na rubuta wa ma'aikatan gandun daji shafi huɗu, suka amsa da layi biyu, cewa motarsu tana gareji.

Yanzu ga wani al'amari da nake so ki karanta a zaune.

Allurai sun kai talatin da ɗaya. Da na ja baya na dube su, sai na ga sun yi da'ira kyakkyawa, kamar an kifa faranti. Littattafaina bakwai sun haɗu a kan cewa irin wannan dabba kewaye da makwancinta take yawo. Na ɗauki kamfas ɗin zana da'ira na fitar da tsakiya, na yi mata jar alama, na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: MAKWANCIN DABBAR, FILI MAI LAMBA ƊARI DA SHA HUƊU. Na kai taswirar shagon Mai Kemis, wanda shi ne shugaban kwamitin unguwa, aka manna ta a bango don amfanin jama'a.

Ki fahimce ni. Shekara talatin ina aiki da lambobin filaye. A idon safiyo fili lamba ne. Ba a koya mana tambayar wa ke shanya a cikinsa ba. Ina tsaye ina karɓar yabo sai Tela ya matso, ya ɗora yatsa a kan jar alamar, ya bi titi da farce, ya ce, "Malam, nan ba bayan famfo ba ne?" Na ce haka ne. Ya ce, "Mai koriyar ƙofa?" Na ce taswira ba ta nuna fenti. Ya ce, "To ai gidan Ungozoma ne. Gidan yayarka."

Wata mata da ta zo sayen maganin tari ta ce a hankali, "Dama ita ce mai fitar asuba."

Na yi dariya irin ta masana, na bayyana musu cewa tsakiyar da'ira ba hukunci ba ce, na nemi a ba ni taswirata. Mai Kemis ya ce ai ta riga ta zama takardar kwamiti. Ban gaya wa Innarki ba. Ina da yaƙinin nan da kwana biyu an manta.

Kawunki


Ranar ashirin da biyu ga wata

'Yata,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san ko gaisuwar tana isa ba. Motar abincin dabbobi ta je ta dawo babu ko layi ɗaya daga gare ki. In fushi kike yi, kin yi daidai, amma ki yi shi a rubuce.

Ba a manta ba. Abin ma ya ƙara lalacewa, kuma da hannunmu, ni da ke. Kwana tara da na tsare Innarki a gida, ko mutum ɗaya bai ga dabbar ba. Na ɗauka abin farin ciki ne, ashe unguwa ƙirga kwanakin take yi. A rana ta goma matar mai walda ta fara naƙuda, haihuwar ta zo da gardama, Innarki ta ture ni har da kujerata ta fita. An sami 'ya mace, lafiya. A wannan safiyar ce kuma mai wanki ya sake ganin Mai Wutsiya a bayan masana'anta.

Tun daga ranar, yaran da ta yanke wa cibiya da hannunta in sun hango ta sai su tsallaka titi. Mai kanti yana ajiye mata sabulu a kan dakali ya ja da baya. Mai walda, wanda ta ceto masa mata, ya ce shi dai bai ce komai ba, amma akuyarsa aka fara ci. Shekaranjiya an jefi rufin gidan sau uku da rana tsaka. Jiya na sami wasu magidanta biyu, masu gemu da iyali, suna leƙen bayan ƙofarta suna neman fata. Rigar ruwanta suka gani, amma sun tafi suna raɗa.

Dole na gaya mata. Ta saurare ni tana goge almakashinta, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Auta, kana shekara biyar ka je auna rijiya da igiya ka faɗa ciki. Wa ya ciro ka?" Na ce ke ce, Yaya. Ta ce, "To wannan karon ni ka jefa. Sha shayinka kafin ya huce." Ta fi ni ƙarfin hali. Amma na lura ta daina buɗe tagar titi, kuma jakar aikinta da kullum ke rataye a ƙusa yanzu tana ƙarƙashin gado.

Kwamiti zai zauna ranar biyar ga watan gobe. Mai Kemis ya ce ba korar kowa za a yi ba, za a dai "ba ta shawarar ta je ta huta a wurin 'yarta". Gidan da mahaifinki ya gina, 'yata. Na sake bin lissafina sau shida da fatan in sami kuskure. Babu. Wannan ne karo na farko da daidaiton aikina ya hana ni cin abinci.

Ki rubuto.

Kawunki


Ranar ashirin da bakwai ga wata

Kawu,

Ina gaishe ku. Ba fushi ba ne. Cuta ta ɓulla a garke, aka killace gonar, ba shiga ba fita, takardu suka yi ta kwana a ɗakin mai gadi. Yau aka miƙo mini biyun tare. Na hau tankin ruwa sau uku, wayar Inna a kashe, taka kuwa na san tana cikin aljihun tebur. Ba za a bar ni in fito ba sai bayan mako uku.

Ni na ce a tsare ta, wannan laifina ne, na ɗauka. Amma taswira taka ce, kuma ina da tambaya. Ka ce kullum daga gidan Inna kake tashi bayan shayi. Da wannan gwiwar, taku nawa kake yi kafin ta mayar da kai? Ka taɓa tsallaka gadar jirgi ka tambayi mutanen can? Ka je unguwar bayan asibiti? Na san amsa. Yau ka yi gabas har gwiwa ta ce ya isa, gobe ka yi yamma har ta ce ya isa. Babu allurar da ta wuce inda ƙafarka ta tsaya. Ba yawon dabba ka auna ba, Kawu, naka ka auna. Da a gidan Tela kake shan shayi, da yanzu rufin Tela ake jifa. Ko sau ɗari ka bi lissafin ba za ka ga kuskuren ba, don ba a kan takarda yake ba.

Ka tashi ranar biyar a gaban kowa ka ce ka yi kuskure. Da ƙananan kalmomi, ban da sakin layi. Na san nauyin wannan a wurinka. Amma uwata ce, yayarka ce, kuma ba ta da inda za ta je. Ɗakina nan gado ɗaya ne da warin maganin kaska.

Ka riƙa kwana a gidan har ranar. Ka kuma kunna wayarka, don girman Allah.

'Yarka


Ranar bakwai ga sabon wata

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Jiya kin ji muryar Innarki na minti ɗaya kafin waya ta yanke, saboda haka kin san tana gidanta, kuma a nan za ta zauna. Ki sauko daga tankin nan. Ga yadda aka yi.

Na karanta takardarki, na ninke, na zauna sa'a guda ina kallon gwiwata. Na karanta tarihin dauloli da dama da suka faɗi, ban ga wadda ta faɗi ta wannan gaɓar ba. Kin yi gaskiya. Sai dai na san mutanen unguwar nan: in na ce na yi kuskure, cewa za su yi ƙane ne yake rufa wa yayarsa asiri. Wanda ya gaskata taswira, taswira ce kaɗai za ta warware masa.

Saboda haka kwana shida mai babur yana kai ni can hayin gada, in zauna da kofina a bencin ƙofar gidan Mai Kemis in sha shayi. Daga nan nake tashi, in yi tafiya har gwiwa ta ce ya isa. Ashe mutanen hayi sun fi namu ganin ta. Ba wanda ya tambaye su ne kawai. Allura arba'in.

Ranar taro na manna sabuwar taswira kusa da tsohuwa. Na ba Tela kamfas na ce ya fitar da tsakiya da hannunsa. Ya fitar, ya bi titi da farce, ya ɗago ya dubi Mai Kemis. Aka ce faɗi mana. Ya ce, "Wallahi gidan shugaba ne." Mai Kemis ya miƙe har kujera ta faɗi, ya ce, "Ni? Ni da ko kyanwar gida atishawa take sa ni?"

Sai na tashi na yi bayani da ƙananan kalmomi, kamar yadda kika umarta. Na ce taswirar farko gwiwata ce, ta biyu ma gwiwata ce, yayata ba ta da laifi, shugaba ba shi da laifi, ni na yi kuskure. Na faɗi kalmar. Ba ta kashe ni ba, amma ta kusa.

Na zaci za a tafa wa kimiyya. Sai matar nan mai maganin tari ta ɗaga murya daga baya: "To ku tsaya. Ya sha shayi a gidan Ungozoma, abin ya kewaye gidan Ungozoma. Ya koma gidan shugaba, abin ya bi shi can. Wa ke tsakiya duka biyun?" Kafin in buɗe baki mai wanki ya ce, "Ni ma da na gan ta, kamar tana ɗingishi da ƙafar hagu."

Ƙarya yake, 'yata. Sau biyu na ɗauki shaidarsa, bai taɓa ambaton ɗingishi ba, kuma duk yana rubuce a littafina. Littafin yana aljihuna. Na sa hannu na taɓa shi. Sai na hango Innarki a bakin ƙofa, mutane sun fara matsa mata wuri a benci, matar mai walda tana miƙa mata jaririya. Na zaro hannuna babu komai. Na ce, "Jama'a, ba ni da abin cewa," na ɗauki sandata na fita, kuma, Allah ya yafe mini, na ƙara wa ɗingishin armashi.

Yanzu ni ne Mai Wutsiya. Ba a jifana, don ana tsoron in rama. Kwamiti ya ɗage zama sai abin da hali ya yi, saboda babu mai son hannunsa ya fito a takardar korata. Ana buɗe mini hanya a titi, abin da shekara talatin na aikin gwamnati bai samar mini ba. Innarki ta karɓi haihuwa biyu tun ranar. Ta ce in gaya miki ƙanenta sakarai ne, ta kuma ƙara mini sukari ba tare da na roƙa ba.

Saura abu ɗaya, kuma ki ƙona takardar nan in kin karanta. Har yanzu a gidanta nake kwana. Yau da sassafe na buɗe ƙofa, an yi yayyafi, ƙasa ta yi laushi. Daidai bakin ƙofar ga sawu, manya, babu farce. Sun fito daga wajen famfo, sun tsaya, sun juya. Ina jin Tela yana kiciniyar buɗe shagonsa a tsallaken titi. Na ɗauki tsintsiya na share ƙofar gidan tas, har bakin kwata. Innarki ta leƙo ta ce yau kuma wace rana ce Auta ke shara. Na ce motsa jiki ne.

Ki rubuta wa ma'aikatan gandun daji da kanki, a kan takardar ofishinku, yau, ba gobe ba. Ni ba za su saurare ni ba. Labari ya riga ya kai musu cewa ni ne dabbar.

Kawunki